Gonar Inabi Mai Hekta Biyu da Kilishin Yamai: Yadda Sunan Wuri Ke Zama Jari

A watan Oktoban 2018, a ɗakin gwanjon Sotheby's da ke birnin Niyok, an sayar da kwalba ɗaya ta jar giyar inabi a kan dala 558,000, wato sama da sefa miliyan 300 a canjin wancan lokaci. Abin da ke cikinta bai kai lita guda ba. An matse shi ne a 1945 daga inabin wata gona da ake kira Romanée-Conti, a ƙauyen Vosne-Romanée cikin yankin Bourgogne na gabashin Faransa. Faɗin gonar hekta 1.8 ne, gonar geron magidanta da yawa a Adar ko Zarmaganda ta fi ta girma. A shekara mai albarka tana ba da kwalabe 5,000 zuwa 6,000. A 1945 kuwa kwalabe 600 kawai aka samu, aka kuma tumɓuke tsofaffin itatuwan bayan wannan girbi, ba a sake cika kwalba da sunan gonar ba sai 1952. A kan kowace kwalba da gidan mai gonar ke fitarwa ana buga lambarta, ana kuma buga jimillar kwalaben da aka samu a shekarar, ta yadda mai saye a Tokiyo ko Landan ya san nawa ne irinta a duniya.

Mai karatu a Yamai yana da hujjar tambayar me ya haɗa shi da wannan. Nijar ba ƙasar matsar inabi ba ce. Ɗan inabin da ake nomawa a garake irin na Timiya cikin duwatsun Abzin na ci ne, kuma kusan dukkan mutanen ƙasar Musulmi ne waɗanda addininsu ya haramta musu giya, sha da sayarwa. Amma tun 2021 Nijar ta ɗauki makamin da masu waɗannan ƙananan gonaki suka ƙera wa kansu, ta rataya shi a kan kilishi da albasar Galmi, aka kuma ba cuku da fatar jar akuyar Maraɗi tasu kariyar. Makamin shi ne dokar da ke ɗaure sunan kaya da wurin da aka yi shi. Abin da nake son kafawa a nan shi ne takardar rajista ita ce mafi sauƙi kuma mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Kuɗin da ke cikin sunan wuri yana fitowa ne daga shirin masu sana'a na su hana kansu abin da suke iya yi: su taƙaita abin da suke fitarwa da sunan, su ƙi kayan ɗan'uwansu idan bai kai ba, su kuma biya wanda zai zo ya bincike su. Inda babu wannan, sunan yana nan a rubuce a ofishin rajista a Yawunde, kasuwa kuma tana ci yadda ta saba.

Tarihin dokar kansa shi ne shaida ta farko, domin ha'inci ne ya haife ta. Daga 1863 wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka, mai cin saiwar inabi, ya bi gonakin Faransa yana kashe su yanki bayan yanki. Giya ta yi ƙaranci, ƴan kasuwa suka cike giɓin da abin da suka dama daga busasshen inabi da sukari da ruwa da launi, suna manna masa sunan garin da suka ga dama. Da aka sake dasa gonaki, sai manomi na gaskiya ya tarar jabu ya riga shi kasuwa kuma ya fi nasa arha. A 1907 manoman kudancin ƙasar suka fito zanga-zanga, dubban ɗaruruwa suka cika birnin Montpellier, sojoji suka harbe mutane a Narbonne, wata runduna kuma ta yi wa shugabanninta tawaye. A 1911 manoman Champagne suka ƙona rumbunan ƴan kasuwar da ke shigo da inabin wani wuri suna sayarwa da sunan yankinsu. Gwamnati ta yi dokoki a 1905 da 1919 waɗanda suka tsaya ga shata iyaka, ba su kuma magance matsalar ba, saboda mutum na iya zama cikin iyaka ya yi kaya maras kyau. Gyaran ya fito ne daga ƙasa. A 1923 manoman Châteauneuf-du-Pape, ƙarƙashin jagorancin Baron Le Roy, suka rubuta wa kansu sharuɗɗa: irin ƙasar da za a dasa, irin inabin da aka yarda da shi, da tilasta wa kowa ya tsince wani kaso na girbinsa ya fitar da shi daga abin da zai ɗauki sunan garin. A kan wannan tsari aka gina dokar 30 ga Yulin 1935, wadda ta kafa kwamitin da daga baya ya zama hukumar INAO mai kula da sunayen wuri. Manoma ne suka fara ɗaure kansu, gwamnati ta zo bayan shekara goma sha biyu ta buga hatimi.

A Nijar an bi hanyar ta baya. Ƙasar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, hukumar kare mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977. A 2013 hukumar ta fara yi wa kayan Afirka rajistar sunan wuri, da barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru, sai kofin Ziama-Macenta na Gini, cikin wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta ɗauki nauyinsa. Barkonon Penja ya ci riba sosai: farashinsa ya ninka, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta amince da sunan. Da aka zo kan Nijar, ma'aikatu da ƙwararru da masu ba da tallafi ne suka ja ragamar, ƙungiyoyin masu sana'a suka bi. Wannan ba laifi ba ne, kuma akwai dalilin gaggawa. A 2006 kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallaka a kan irin albasa da sunan Violet de Galmi, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye sannan aka janye, kamfanin ya koma kiran nasa irin Violet de Damani. Ƙasar da aka taɓa yunƙurin ƙwace mata sunan albasarta ba za a zarge ta da saurin zuwa ofishin rajista ba. Sai dai rajista tana tsare suna daga baƙo ne kawai. Ba ta tsare shi daga ɗan gida, kuma ɗan gida ne ya fi iya lalata shi.

A duba kilishi yadda ake yin sa. Mahauci yana zaɓen tsokar cinyar sa marar kitse da jijiya, ya yanyana ta falle-falle har rana ta kusa ratsa ta, ya shanya a kan gadon kara. Idan ta bushe sai a tsoma ta cikin labu, wanda aka dama da tunkuza da citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a kan garwashi. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a lulluɓe shi da labu, mai da gishiri da ɗan yaji kawai ake shafa masa. A kowane mataki akwai ƙofar rage kuɗi. Ana iya sayen naman da ya kwana, ko na dabbar da likita bai duba ba. Ana iya kaurara labu don ya ƙara nauyi, tun da tunkuza ta fi nama arha nesa ba kusa ba. Ana iya zuba kala a maimakon jan tattasai, a shanya a bakin titi inda ƙura da ƙuda ke sauka, a naɗe a takardar siminti. Mai saye a tashar mota ko a rumfunan unguwar Filato ta Yamai ba ya iya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan kafin ya biya, wasu ma ba zai taɓa ganinsu ba. Saboda haka farashin da zai yarda ya biya shi ne na matsakaicin kaya, kuma mahaucin da ya kashe kuɗi ya yi na ƙwarai shi ne ke asara. Wake ɗaya ke ɓata gari. Tambarin «Kilichi du Niger» zai yi amfani ne ranar da aka ga an cire shi daga kayan wani sarkin fawa mai faɗa a ji saboda bai cika sharaɗi ba, kuma ƴan'uwansa rundawa suka goyi bayan cirewar.

Akwai kuma matsalar faɗin sunan. Nijar tana da murabba'in kilomita 1,267,000. Sunan da ya rungume ta duka yana gaya wa mai saye ƙasar da kaya ya fito, ba ya gaya masa hannun da ya yi shi. A Bourgogne an hau da sunaye hawa-hawa: akwai na yanki baki ɗaya, akwai na ƙauye, akwai na zaɓaɓɓun gonaki cikin ƙauyen, sannan a can sama akwai gonaki 33 da ke ɗaukar sunansu su kaɗai, waɗanda abin da suke bayarwa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na yankin ba. Hukumar UNESCO ta sa tsarin cikin kayan tarihin duniya a 2015, da filaye 1,247 kowanne da sunansa da iyakarsa. A kan sunan fili kuma ake ɗora sunan gidan da ya noma shi. Dokar manyan gonakin jar giya ta ƙayyade abin da hekta za ta bayar a kusan lita 3,500, gidan Romanée-Conti kuwa yakan tsaya ƙasa da haka da gangan. Mai cin kilishi a Yamai ya riga ya san irin wannan hawa a bakinsa. Yana bambanta na Madawa da na Gidan Runji da na Tasawa da na Damagaram, yana da mahaucin da yake aikawa wurinsa idan zai yi tsaraba mai daraja. Abin da ya rage shi ne a ɗauko wannan sani daga baka a sa shi a kan ƙunshi, sunan ƙasa a ƙasa, sunan gari a bisansa, sunan gida da ranar da aka yi a saman su, ta yadda wanda ke Abijan ko Lome zai iya neman abin da ɗan Yamai ke nema.

Ƙorafi na farko da za a ɗaga shi ne na addini, kuma bai kamata a kauce masa ba. Haramcin giya a surar Ma'ida a sarari yake, babu kuma wanda ke kiran manomin Tawa ya dasa inabin matsa. Abin da ake aro doka ce ta awo da gaskiyar suna, kuma ko a Faransa ba giya ce ta fara samun cikakkiyar kariyarta ba, cukun Roquefort ne, da doka ta musamman a 1925. Ban da haka, fatauci da sunan wuri ya girmi dokar Turawa a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga sun san goron wane daji ne ke jure tafiya, sun san goron Laɓoji na ƙasar Nufe wanda sarakuna ke aika wa juna. Sun san daushe, goron bara da aka adana cikin huhu ana buɗewa ana tsince mai sankara ana canza ganye, har ya fi sabon goro tsada. Buzaye suna neman rawanin da aka rina aka buga a Kura ta ƙasar Kano da sunan garin, ayarin raƙuma kuma na zuwa Bilma da Fashi don kantun gishirin da ba a samun irinsa a wani wuri. Tsarin hisba na kasuwannin Musulmi, da sarautun sarkin fawa da sarkin awo, duk aikinsu ke nan: a hana algus, a hana sayar da wani abu da sunan wani. Abin da ya sauya shi ne nisa. A da mai gida da dillali ne ke lamunin kaya da mutuncinsu, domin mai saye ya san inda zai same su. Yau buhu yana ratsa iyakoki uku cikin kwana huɗu, ya faɗa hannun wanda bai taɓa jin sunan dillalin ba.

Tarihin fatar jar akuya ya nuna abin da ake rasawa idan suna ya ɓace a hanya. Shekaru aru-aru ana jeme fatun jajayen awakin ƙasar Sakkwato da Gobir da Katsina da Maraɗi, ana rina su, ayari na haura da su hamada zuwa gaɓar Bahar Rum. Turawa suka saye su daga can, suka kira su da sunan Maroko, suka lulluɓe littattafansu masu tsada da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cibiyar kiwon awaki da aka kafa a Maraɗi a 1963 ta yi aikin tsare jinin dabbar, amma yawancin fatar har yanzu tana fita ne ɗanya ko rabin jima, kuma jakar da aka ɗinka da ita a Italiya sunan gidan ɗinkin take ɗauka.

Ƙorafi na biyu ya fi kaifi. Ana cewa duk wannan zance na ƙasa da iska da ruwan wuri tatsuniya ce ta talla, kuma masu kuɗi lakabi suke saye. Akwai gaskiya a ciki fiye da yadda masu sana'ar ke son amsawa. A ranar 24 ga Mayun 1976, a wani ɗanɗano da Steven Spurrier ya shirya a Paris inda aka rufe sunayen kwalabe, alƙalai Faransawa suka ba jar giyar wani sabon gida na Kalifoniya, Stag's Leap, matsayi na ɗaya a kan manyan gidajen Bordo. Shekaru talatin bayan haka wani matashi mai suna Rudy Kurniawan ya riƙa gauraya giya masu sauƙin kuɗi a gidansa kusa da Los Angeles, yana zuba su a tsofaffin kwalabe, yana manna lakabin da ya buga da kansa, kuma attajirai da masu kiran kansu ƙwararru suka sha suka yaba, suka biya miliyoyin daloli. Harshe bai kama shi ba. Rubutu ne ya kama shi. A 2008 ya kai gwanjo kwalabe masu sunan gidan Ponsot daga gonar Clos Saint-Denis, masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971, sai mai gidan, Laurent Ponsot, ya tashi takanas zuwa Niyok ya ce iyalinsu ba su fara cika giyar wannan gona ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa shekara goma a 2014. Wanda ya kawo wannan labari don rushe batun sunan wuri ya ƙarfafa shi ne bai sani ba. Idan harshen gwani ma yana ruɗuwa, to abin da mai saye ke biya shi ne tabbaci, kuma tabbaci yana zaune ne a littafin da wani ya riƙa cikawa shekara bayan shekara: nawa aka girbe, nawa aka cika, wa aka sayar wa. Mahauci nawa ne a Yamai ke da littafin da zai nuna sa nawa ya yanka a watan jiya da kilo nawa na kilishi suka fito daga ciki? Ba tare da wannan lissafi ba, babu yadda za a gane mutumin da ya yanka sa ɗaya ya sayar da kilishin shanu biyar da tambari.

Ƙorafi na uku shi ne giya tana ƙara daraja da tsufa, kilishi da albasa kuwa lalacewa suke, saboda haka ba za a taɓa samun masu tara su suna gwanjo ba. Haka ne, kuma alheri ne. Kasuwar masu tarawa ita ce ɓangaren da ya fi cutar da ƙananan manoma a cikin labarin. Tun da aka buɗe dandalin cinikin Liv-ex a Landan a 2000, kwalabe da yawa suna sauya masu su ba tare da sun motsa daga rumbun ajiya ba, kuma ribar hauhawar tana shiga aljihun mai sayarwa na biyu da na uku. Farashin ƙasa ya bi farashin kwalba har magada suka fara kasa biyan harajin gado. Kamfanin LVMH ya sayi gonar Clos des Lambrays a 2014, iyalin Pinault suka sayi Clos de Tart a 2017. A Kalifoniya, Screaming Eagle, ƙaramin gidan da wata mace mai suna Jean Phillips ta fara cika kwalabensa da girbin 1992, wanda aka sayar da babbar kwalbarsa ɗaya dala 500,000 a gwanjon sadaka a 2000, ya koma hannun attajirai a 2006. Nijar ba ta bukatar wannan. Abin da take bukata shi ne ƙarin jaka ɗaya ko biyu a kan kowane buhu, mai dawowa kowace kaka, mai tsayawa a Galmi da Tsarnawa da Tamaske maimakon ya tsaya a hannun na ƙarshe. Misalin da ya fi dacewa a nan cuku ne, ba giya ba. Cukun Comté na duwatsun Jura yana fitowa daga gonakin kiwo sama da 2,000, mafi yawa na iyali, waɗanda ke kai madara ƙananan masana'antun haɗin gwiwa na ƙauyukansu. Ana ajiye kowane dunƙule aƙalla wata huɗu, sannan a ba shi maki cikin 20. Wanda ya haura 14 a ɗaura masa koren ɗamara, na 12 zuwa 14 ruwan ƙasa, wanda ya gaza 12 kuwa ba ya fita da sunan ko kaɗan. Kowane dunƙule yana ɗauke da ɗan koren tambari da ƙungiyar masu sana'ar ke sayar wa membobinta, kuma da shi ake ƙirga abin da aka yi, da kuɗinsa ake tafiyar da ƙungiyar.

Wannan ɗan tambari yana amsa tambayar da aka fi gudu a tarurrukan Yamai, wato wa zai biya mai bincike. Nijar tana da hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ba da shaidar inganci, tana da cibiyar binciken noma ta INRAN, tana da RECA mai haɗa majalisun manoma, masu albasa kuma suna da ƙungiyarsu ta ANFO. Gine-ginen suna tsaye. Amma bincike yana cin mai da albashi da kuɗin ɗakin gwaji, kuma ya zama dole a maimaita shi ba sanarwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da tallafinta cikin kwanaki kaɗan, wasu masu bayarwa suka bi sahu. Duk tsarin da ke jiran kuɗin waje kafin a zuba wa babur ɗin mai bincike mai, ranar da aka yi saɓanin siyasa ranar zai tsaya. Kuɗin da zai ɗore shi ne wanda aka yanka daga kowane ƙunshi da kowane buhu mai tambari. Yana da wani amfanin kuma: wanda ya biya daga aljihunsa ba ya yin shiru idan ya ga maƙwabcinsa na amfani da tambarin a kan kayan banza.

Ƙorafi na huɗu shi ne na talaka, mai saye da mai yi. Ta fuskar mai saye abin bai kai yadda ake tsoro ba, domin rajista ba ta hana kowa yin kilishi ko sayar da shi a bakin tasha, abin da ta hana shi ne amfani da sunan da aka tsare ba tare da cika sharaɗi ba. Ta fuskar mai yi kuwa haɗarin gaskiya ne. Idan aka rubuta kundin sharuɗɗa a ofis, aka cika shi da tebur na ƙarfe marar tsatsa da ɗaki mai tayil da na'urar busarwa da hasken rana da injin naɗewa, to rundawan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni za su tsaya a waje, mai jari da bai taɓa riƙe wuƙa ba ya shigo ya ɗauke su aiki da sunan da iyayensu suka gina. Ba kuma za a ce a bar tsafta ba, ita ce rabin abin da mai saye ke nema. Mafita ita ce wadda makiyayan Jura suka bi tun ƙarnuka da suka wuce: wurin aiki ɗaya na haɗin gwiwa, mai ragar hana ƙuda da ruwa mai tsabta, kusa da mahauta, inda kowane gida ke kawo namansa da labunsa ya fita da sunansa. Sirrin haɗin yaji yana zama na gida, abin da ake haɗa kai a kansa shi ne abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba.

Za a kuma ce kilishi ba na Nijar kaɗai ba ne, kuma hakan gaskiya ne. Ana yin sa a Kano da Sakkwato da Zariya da arewacin Kamaru da Cadi, Najeriya kuma ba ta cikin OAPI. Abin da aka tsare shi ne haɗin kalmar da sunan ƙasar, mahaucin Kano yana nan da sana'arsa da sunanta. Wannan ma wani dalili ne na sauka zuwa sunayen garuruwa, tun da babu mai jayayya da Madawa a kan sunan Madawa. Kasuwar da za a nema ma ba ta Turai ba ce, inda ko a jakar hannu ba a yarda matafiyi ya shigo da nama daga waje ba. Tana Yamai, tana Kwatano da Lome da Akra da Abijan da Legas, tana zangunan Hausawa da Zabarmawa da ke can, mutanen da suka san ɗanɗanon tun suna yara kuma suke da kuɗin biyan na ƙwarai.

Albasa ce ke da ƙulli mafi wuyar kwancewa. Nijar tana noma sama da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma ita ce kan gaba wajen fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Amma Violet de Galmi sunan iri ne kamar yadda yake sunan wuri. Masu binciken cibiyar noma ta IRAT sun tace irin daga albasar manoman yankin, ya bazu, yau ana shuka shi a Burkina Faso da Mali da Senegal da arewacin Najeriya, kuma manomin can bai yi ƙarya ba idan ya faɗi sunan irin da ya shuka. Albasa kuma ƙwari ne ke barbarar furenta, saboda haka gonar iri da ke kusa da wata albasar daban tana gauraya, launi da yaji da jure ajiya duk su fara sakwarkwacewa. A ƙara da yawan takin zamani, wanda ke kumbura kai ya rage kwanakin da zai yi a rudu kafin ya ruɓe, da al'adar buhu mai hula, inda ake cusa wa buhu fiye da cikinsa a ɗinka masa ƙari a biya manomi kuɗin buhu ɗaya. Mai saye a Adjen Kotoku, kasuwar da aka mayar da masu albasar Akra a 2021, ba ya da hanyar rarrabe albasar kwarin Maggiya da ta wani wuri sai idanunsa da maganar dillali. Abin da zai ba shi hanyar shi ne buhu mai nauyi ɗaya sananne, ɗinkakke da lamba, mai ɗauke da sunan ƙauye da kakar da aka cire albasar, wanda lambarsa ke rubuce a littafin ƙungiya a Tsarnawa ko Galmi tare da sunan manomin da gonar da ya samo iri. Ƙungiyar kuma ta san hekta nawa membobinta suka dasa, don idan buhunan da suka isa Akra da tambari sun fi abin da waɗannan hektoci za su iya bayarwa, a san daga wace tasha za a fara tambaya.